Mitar Keke: Daga Tauraron Veeder Zuwa Maganaɗisu

A shekarar 1895 wani Ba'amurke, Curtis Veeder, ya fara ƙera 'yar na'urar auna tafiyar keke a garin Hartford. Ɗan ƙarfe ake ɗaurawa a jikin wayar ƙafar gaba. Duk zagaye ɗaya sai ya bugi haƙorin wani ƙaramin tauraro, lambobi su motsa. Nisa kawai take ƙirgawa, ba ruwanta da gudu.

Mitar lantarki da ta yaɗu a shekarun 1980 ba ta sauya dabarar ba, ƙirga zagaye ne dai har yau. Maganaɗisu ya maye gurbin ɗan ƙarfen, wani makunni mai siraran harsuna biyu cikin gilashi ya maye gurbin tauraron. Shi ma makunnin tsoho ne, tun 1936 aka ƙirƙiro shi a Bell Labs domin aikin tarho.

Shi ya sa nake cewa mitar ba ta ƙarya, abin da aka gaya mata take maimaitawa. Mai taya 700x25, wadda kewayenta ya kai kusan milimita 2105, in ya shigar wa mitar da 2200 a matsayin kewayen, za ta ƙara masa gudun da bai yi ba. In maganaɗisu ya yi nesa da makunni fiye da milimita 5, sai ta riƙa tsallake zagaye; in ya karkace, wani lokaci ta ƙirga sau biyu, mahayi ya ɗauka ya zama gwani. Ni dai wajen gano kewayen taya na fi yarda da alli: a hau keken, a yi alama a ƙasa, a gangara zagaye ɗaya, a auna tsakanin alamun biyu.