Cinikin Waya a Gindin Masallacin Koudoukou

Tun kafin a san wayar salula a Bangui, ɗan kasuwar Kilomita Biyar yana kashe kuɗi a kan labari. Nawa buhun albasa yake a Garoua? Shanun da aka koro daga Chadi sun iso ina? Motar da ta taso daga Douala ta ƙetare iyaka a Garoua-Boulaï, ko tana can a hannun kwastan? Wanda ya riga jin amsa shi ke cin kasuwar ranar. Kawuna, wanda na tashi a shagonsa, yakan rubuta wasiƙa da ajami, ya ninke ta ƙanana, ya damƙa wa direba tare da ɗan goro. Amsa takan dawo bayan makonni, wani lokaci farashin da ke cikinta ya riga ya tsufa.

Faransawa ne suka kafa Bangui a 1889 a bakin kogin Ubangi, fatake kuma suka biyo baya: Hausawa, Barebari, Fulani, Larabawan Chadi, mutanen Senegal da na Kamaru. Suka yi zango kilomita biyar daga tsakiyar gari, wurin ya bunƙasa har ya zama babbar kasuwar birnin. Titin da masallacinmu yake a kai sunan Laftanar Georges Koudoukou ya ci, ɗan ƙasar nan da aka jikkata a yaƙin Bir Hakeim a Libiya a 1942, ya rasu a Iskandariya. A gefen wannan titi cinikin waya ya tsiro, kuma na ga tsirowarsa da idona.

Da farko wayar ta manyan alhazai ce, masu lu'ulu'u da masu motoci. Sauran jama'a sai su je wurin yaran da ke zaune ƙarƙashin laima da waya guda ɗaure da zare, a kira, a duba mintoci, a biya. Telecel ce tsohuwa a fagen. Wasu kamfanoni suka biyo, Orange ta shigo a 2007, farashin layi ya faɗi, Nokia mai madannai ta shiga aljihun mai tura baro. Wannan shi ne canji na farko, kuma ba wanda ya tsaya tambayar ko ya dace a saya. Wasiƙar makonni ta koma kiran minti biyu.

Sai wata matsala ta taso. Kira daga wani kamfani zuwa wani yana da tsada, kuma inda wannan ke da sabis wancan ba shi da shi, don haka za ka ga dattijo da waya biyu ko uku suna rinjayar aljihun babbar riga. Kamfanin Transsion na Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, wanda aka kafa a 2006, shi ya gane wannan ciwo. Ya kawo waya mai ɗaukar layi biyu, mai tocila da rediyo, mai batirin da ke kwanaki. Wannan shi ne canji na biyu, kuma wanda ya canza waya a lokacin ya san abin da ya saya.

Abin da ya koya mana darajar waya da gaske bala'i ne. Ƙungiyar tawaye ta Seleka ta kama Bangui a Maris na 2013, 'yan bindigar anti-balaka suka auka wa birnin ranar 5 ga Disamba, daga nan Kilomita Biyar ta zama kurkuku mara katanga. Dubban Musulmi suka fice zuwa Chadi da Kamaru a bayan manyan motoci, Najeriya ta kwashe nata da jirgi. Waɗanda suka rage da yawa a harabar masallaci suke kwana. A waɗancan darare ban ga wanda ya damu da kyawun waya ba. Ƙaramar mai tocila ita ce sarauniya: caji ɗaya ya kai ka kwanaki, ka ji Radio Ndeke Luka, ka kira ɗan'uwa a wata unguwa ka tambaye shi ko gada ta biyu. Na tuna wata dattijuwa da ta ƙulle wayarta a haɓar zane tare da takardar da jikanta ya rubuta mata lambobi. Da safe takan miƙa wa duk yaron da ta gani, ta ce, «Ɗan nan, danna mini ta biyun, in ji ko sun isa.» A watan Yuni na 2014 gwamnati ta hana aika gajeren saƙo baki ɗaya har tsawon makonni, saboda kiraye-kirayen yajin aiki da ake yaɗawa ta nan. A lokacin muka gane cewa waya, komai tsadarta, tana aiki ne gwargwadon abin da aka bar mata.

Canji na uku a cikin wannan wahala ya zo. WhatsApp ta fito da saƙon murya a 2013, daidai lokacin da iyalai suka warwatsu tsakanin N'Djamena da Garoua-Boulaï da Kano. Ga mutanen da da yawansu karatun allo suka yi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Uwa ta yi wa ɗanta faɗa da muryarta, da Hausa ko Fulatanci ko Sango, ba sai ta nemi mai rubuta mata ba. Ɗan kasuwa ya ɗauki hoton atamfa ya tura Douala, ya ce irin wannan nake so. Ranar 30 ga Nuwamba 2015, da Fafaroma Francis ya shigo masallacin nan, Imam Tidiani Moussa Naibi ya tarbe shi, hannuwa sun yi sama da wayoyi masu araha. Hotunan dishi-dishi ne, amma sun sa waɗanda ke gudun hijira kuka, wasu kuma suka fara tunanin dawowa. Daga baya aika kuɗi ta waya ya zo, aka huta da ɗinke sefa a cikin ɗamara.

To, daga nan fa? Ni dai a nawa gani, tun daga lokacin ba a sake kawo mana abin da ya kai waɗannan uku ba. Kowace shekara sabuwa na fitowa da ƙarin idon kamara da sabon launi, ana yi mata kirari da saurin 5G, alhali a ƙauyuka da yawa na ƙasar nan sai an hau tudu ake samun sabis na kira. Sai a Fabrairun 2023 aka ƙaddamar da layin intanet na ƙarƙashin ƙasa da ya haɗa mu da Kamaru da Kongo, da kuɗin Bankin Raya Afirka da Tarayyar Turai. Wuta kuwa ta tashar lantarki ta Boali ce galibi, tana zuwa tana tafiya, shi ya sa rumfar caji ke ci har yau: janareto na ruri, allo cike da soket, kowace waya an manna mata lamba, mai ita ya tafi da rabin takardar. Wayar da ta fi girma da haske ita ta fi yawan kwana a wannan rumfa. Sayenta a irin wannan hali kamar sayen ingarma ne ga wanda ba shi da harawa.

Su kansu masu ƙerawa sun san an kai wani matsayi. Google da Samsung yanzu suna alkawarin shekara bakwai na sabunta manhaja a manyan wayoyinsu. WhatsApp ma, da ta tsuke sharaɗi a Oktoban 2023, abin da ta nema shi ne Android 5.0, wanda ya fito tun 2014.

Kwanaki ina zaune wurin wani mai gyara, wani alhaji ya zo da wayarsa, ya ce zai bayar ya yi ciko ya ɗauki sabuwa fil a kwali. Yaron ya ɗumama bayanta, ya zura siririn roba ya ɗaga murfin, sai ga batir ya kumbura. Ya share bakin caji da allura, ya fito da dunƙulen jar ƙura.

«Baba Alhaji, me take yi maka da har za ka rabu da ita?»

«Ba ta riƙe caji, kuma kullum tana ce mini ta cika.»

«Batir ne, Baba. Cikar kuma bidiyon biki ne da na wa'azi. In kwashe maka su a kati, ka riƙe kuɗinka.»

Yaron nan ya yi asarar la'adar da zai samu, ya kuma burge ni ƙwarai.

Ban ce kada kowa ya canza ba. Telan da ke tallar ɗinkinsa da hoto yana bukatar kamara mai kyau. Wanda manhajar kuɗi ta daina buɗewa a wayarsa, ko aka daina samun gilashinta a kasuwa, lokacinsa ya yi. Abin da ke ci mini rai shi ne saurayin da zai ci bashi ko ya taɓa jarin shago don a gan shi da sabuwa ranar Sallah, a unguwar da ta sha ƙonewar shaguna har a Disamban 2019, inda ake sake tara jari da ƙyar.

Kasuwar ma ta fara juyawa. Teburan da a da waya kawai suke jerawa yanzu rabinsu gilashi ne da batir da caja da ƙananan faifan sola, ana kawo su daga Dubai da Guangzhou, su sauka a Douala, su biyo hanyar Bouar. Iyaye da dama da na sani, in za su kai yaro koyon sana'a, wurin mai gyara suke kai shi.