Ɓoyekai: Tarihi a Cikin Suna

A takardun hukuma, sunan wannan mazaɓa ta ƙaramar hukumar Goronyo yana fitowa ne a matsayin Boyekai. Kunnen Bahaushe kuwa kalmomi biyu yake ji a cikinsa: aikatau ɓoye, da suna kai. Irin wannan gini shi masana nahawu ke kira harɗaɗɗen suna, kuma Hausa tana da shi birjik. Dafa-duka, fasa-ƙwauri da ƙare-dangi duk ’yan gida ɗaya ne. Hana-sallah ma haka take: hular Turawa mai baki a gaba, wadda ke tare goshi daga taɓa ƙasa, sai aka raɗa mata suna da laifinta. Jamusanci ma yana da wannan ɗabi’a. A 1840 Friedrich Fröbel ya harɗa Kinder, wato yara, da Garten, wato lambu, ya sanya wa makarantar ƙananan yara suna Kindergarten.

Wanda ya san tarihin kwarin Rima ba zai yi mamakin jin maganar ɓuya a sunan gari ba. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, yankin ya zama bakin daga tsakanin Daular Usmaniyya da Gobirawa. Shi ya sa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi a Wurno, inda ya rasu a 1837. Ko a 1853, da Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a Wurno zamanin Aliyu Babba, ya tarar da mutane cikin fargabar hare-haren Gobirawa. A irin wannan ƙasa, samun mafaka ya fi samun gona wuya.

Abin takaici shi ne yadda ƙugiya ɗaya ke ɓacewa da ma’ana. Idan aka rubuta b a gurbin ɓ, sunan ya zama ƙwarya ba hura, yaron da ya koye shi daga allon makaranta ba zai ji komai a cikinsa ba.

Yau ’yan bindiga sun sake mayar da ƙauyukan Goronyo da Rabah wuraren neman maɓoya. Dattawan da suka riƙe labarin kafuwar garuruwan nan suna watsewa zuwa sansanonin gudun hijira. Wajibi ne ɗaliban tarihi su riske su da alƙalami tun suna raye, su kuma mayar wa sunayen ƙugiyoyinsu.