Tarihin Ƙura da Zafi a Cikin Kwamfutar Gida

Al'adar buɗe kwamfuta a hure mata ƙura ta samo asali ne daga fanka, ita kuwa fanka zafi ne ya kawo ta. Tun kwamfutocin farko zafi ke damun masu ƙera su. ENIAC, wadda aka bayyana a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka a 1946, tana ɗauke da bututun gilashi kusan 18,000, tana kuma shan wuta kimanin kilowat 150, don haka sai da aka tanadar wa ɗakinta manyan na'urorin fitar da iska mai zafi. A wancan zamani kula da kwamfuta aikin injiniyoyi ne a gine-ginen gwamnati da manyan kamfanoni. Gobarar da ta tashi a sashen kwamfutocin rundunar sojan sama a ginin Pentagon a 1959 ta nuna irin asarar da wuta ke iya jawowa, kuma a 1962 ƙungiyar kare gobara ta Amurka, NFPA, ta fitar da ƙa'idarta mai lamba 75 kan tsare ɗakunan kwamfuta.

Da kwamfuta ta shigo gidaje a ƙarshen shekarun 1970, sai wannan nauyi ya koma kan mai gida, wanda ba shi da injiniya ba shi da ƙa'ida. Da farko abin bai yi tsanani ba. Apple II ta 1977 ba ta da fanka sam, domin akwatin wutar da Rod Holt ya tsara mata ba ya yin zafi sosai, ga shi Steve Jobs ya tsani ƙarar fanka. Wannan ra'ayi ya ja wa kamfanin Apple wahala a 1980. An ƙera Apple III ba fanka, an dogara da gangar jikinta ta alminiyam ta zuƙe zafin. Na'urar ta riƙa ɗaukar zafi, ƙananan sassanta suna sassautowa daga mazauninsu, har kamfanin ya musanya kimanin guda 14,000 na farko. Duk da haka Macintosh ta 1984 ma haka ta fito, sai a 1987 aka sa fanka a samfurin SE.

Kamfanin IBM ya bi wata hanya. Kwamfutarsa ta 1981 tana da fanka guda a cikin akwatin wutarta mai ƙarfin wat 63.5, kuma wannan tsari ne sauran kamfanoni suka kwaikwaya. Daga nan buƙatar iska ta yi ta ƙaruwa. Ƙwaƙwalwar kwamfutar farko ta IBM tsirara take zaune a kan allonta, amma zuwa lokacin Pentium, wadda Intel ya fitar a 1993, sai da aka ɗora wa ƙwaƙwalwa ƙarfe mai haƙora da ke janye zafi, galibi da ƙaramar fanka a samansa. A 2004 wasu samfuran Pentium 4 sun haura wat 100 su kaɗai. A 2022 katin hoto na RTX 4090 ya zo yana buƙatar wat 450, wato ninki bakwai na abin da akwatin wutar IBM ke iya bayarwa gaba ɗaya.

Kowace fanka da aka ƙara, ƙofa ce aka buɗe wa ƙura. Iskar da take jawowa tana tafe da zaren tufafi da na kafet, da gashi, da hayaƙin girki da na taba, wanda maiƙonsa ke manne sauran wuri guda. Dattin kan cushe haƙoran ƙarfen nan ya rufe su kamar bargo, ya nauyaya fukafukan fanka har ta gaji ta tsaya. In damina ta zo ya sha laima, yana iya ba wuta hanya tsakanin wuraren da bai kamata su haɗu ba. Tsofaffin allunan kallo masu ƙeya sun fi kowa tara shi, domin ƙarfin lantarkin da ke cikinsu yakan kai bolt 25,000, yana janyo ƙura, ga ramukan iskarsu a sama inda mutane suka saba ajiye takardu.

Abin da tarihin ya nuna shi ne, da wuya ƙura ta kama da wuta ita kaɗai. Aikinta riƙe zafi ne har sashe mai rauni ya gaza. Ƙwaƙwalwar zamani tana rage gudu ko ta kashe kanta in ta yi zafi fiye da kima, tsarin da ya zauna da gindinsa tun farkon shekarun 2000. Raunin yana can wajen akwatin wuta da wayoyi da mahaɗansu, musamman masu araha. Daga wajen 1999 zuwa tsakiyar shekarun 2000 kasuwa ta cika da kafasito (ƙananan sassan da ke riƙe caji) marasa inganci, mafi yawa ƙirar Taiwan, waɗanda ke kumbura suna yoyo, kuma zafi ne ke gaggauta lalacewarsu. A 2005 kamfanin Dell ya ware kimanin dala miliyan 300 don gyaran kwamfutocin da abin ya shafa. A 2021 hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta sanar da janye akwatin kwamfuta na NZXT H1, saboda wata ƙusa mai zare da ke iya taɓa hanyar wuta ta tayar da gobara. Tsafta ba ta maganin aibin ƙira irin wannan, amma wanda ke buɗe na'urarsa shi ke fara ganin kafasito da ya kumbura ko mahaɗin da ya yi baƙi.

A ƙasar Hausa matsalar ta zo da nata nauyin. Hazon hunturu, wanda kaso mai yawa nasa ke tasowa daga kwarin Bodélé na Cadi, laushinsa ya sa ba tagar da ke tare shi. Shagunan buga takardu da na intanet da suka yaɗu a farkon shekarun 2000 su suka saba wa jama'a da lulluɓe kwamfuta da ƙyalle, dabara mai kyau matuƙar an kashe na'urar, mai haɗari kuma in an bar ta a kunne. Ga wutar da ke hawa da sauka, da sauyawa tsakanin janareta da layin gwamnati. Kwamfutocin kwance da aka shigo da su daga Amurka sukan zo da ɗan jan makunni a bayansu mai lamba 115 da 230. Wanda ya jona irin wannan kwamfuta a wutar Najeriya ko Nijar bai mayar da shi 230 ba, nan take akwatin wutar ke ƙonewa.

Hanyar tsaftacewar kanta ba ta sauya sosai ba tun shekarun 1990. Ana zare waya daga soket, a fitar da na'urar waje, a hure ta da busasshiyar iska ana riƙe da fukafukan fanka don kada su yi gudun da zai lalata su. Ba a buɗe cikin akwatin wuta, domin kafasitonsa kan riƙe caji bayan an zare waya; in ya fara warin ƙuna, sauya shi ake yi. Ɗaga kwamfuta daga ƙasa zuwa tebur yana rage ƙurar da take sha ƙwarai, haka ma barin tazara tsakaninta da bango. A wuri mai hazo, ƙarshen hunturu ne lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki, kafin zafin bazara ya iske na'urar a cushe.