Ƙara wa RAM gudu: yadda ake yi da yadda ake auna amfaninsa

RAM ita ce ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, inda take aje duk abin da take aiki da shi a lokacin, kuma da an kashe ta komai ya goge. Tana zuwa a siririn allo da masu gyara ke kira baret. Ƙara mata gudu shi ne a sa ta aiki da saurin da ya wuce wanda take tashi da shi tun daga kamfani.

Ƙungiyar JEDEC ce ke tsayar da ma'aunin da duk masu ƙera RAM ke bi. A nau'in DDR4, gudun da aka fi samu yana tsakanin 2133 da 3200, da wuta volt 1,2. DDR5, wadda aka fitar da ma'auninta a 2020, ta shigo kasuwa da 4800 da volt 1,1. Lambar tana nufin miliyan nawa na jigilar bayanai ake yi a daƙiƙa guda.

A nan masu saye da dama ke asara ba su sani ba. Mutum ya biya kuɗin baret mai 3600 a kwali, ya ɗaura, ita kuwa tana tafiya a 2133 ko 2400. Ba zamba ba ce. Gudun da ke kan kwalin yana cikin wani tsari da aka adana a baret ɗin, kuma sai an shiga BIOS an kunna shi. Kamfanin Intel ya fito da wannan tsari a 2007 da sunan XMP, AMD kuma ya kawo nasa, EXPO, a 2022. Idan aka kunna shi a DDR4, yawanci wutar tana hawa zuwa volt 1,35.

Abu biyu ake aunawa. Na farko yawan bayanan da ke wucewa a daƙiƙa. Lissafinsa mai sauƙi ne: a ninka gudun da 8. DDR4-3200 tana ba da gigabayit 25,6 a daƙiƙa a hanya ɗaya. In aka sa baret biyu iri ɗaya a ramukan da suka dace, hanyoyin sun zama biyu, adadin ya koma 51,2. Wannan a takarda ne. Awo na zahiri kullum yana ƙasa da haka.

Na biyu jinkiri, wato lokacin da RAM ke ɗauka kafin ta amsa, kuma shi ne mai sayarwa bai cika ambata ba. Ana rubuta shi da CL. A ninka CL da 2000, a raba da gudun, sai a samu nanosakan, kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. Baret 3200 mai CL16 tana ba da 10. Mai 3600 da CL18 ita ma 10. Amma 3200 mai CL22 tana ba da 13,75, ga shi lambar kwalinta ɗaya da ta farko. Shi ya sa kafin a biya ya kamata a duba CL.

Manhajar CPU-Z, ta kamfanin CPUID na Faransa, tana nuna gudun da ake kai da kuma CL. Rabin lambar take nunawa, 1600 a madadin 3200, domin DDR tana jigila sau biyu a kowane bugu, don haka babu abin tayar da hankali. AIDA64 tana auna saurin karatu, rubutu da jinkiri. A auna kafin a taɓa komai, a rubuta, a sake aunawa bayan canji. Sannan a gwada da aikin da ake yi kullum. Mai haɗa bidiyon biki ko mai wasanni zai iya ganin bambanci, musamman a injin da sashen hotonsa ke aro daga RAM. Mai buga takardu a Word da wuya ya ji komai.

Haɗarin yana wajen kuskuren da ba a gani. RAM da aka matsa wa tana iya juya sifili ya zama ɗaya, inji bai tsaya ba, sai daga baya a tarar fayil ya lalace. Don haka ake barin MemTest86 ta yi zagaye da yawa, ko da kwana za ta yi. Kuskure ɗaya tak ya isa a rage gudu. Zafi yana ƙara matsalar, saboda ƙananan rumbunan RAM sun fi saurin zubar da cajinsu in sun ɗumama. Saitin da ya zauna lafiya a sanyin Janairu yana iya kasawa a Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Tawa ko Damagaram ke wuce digiri 40, balle in ƙura ta toshe fanka.

In inji ya ƙi tashi bayan canji, a cire shi daga wuta, a zare ƙaramin batirin CR2032 da ke kan babban allo na ƴan mintoci, saitin BIOS zai koma na asali. Intel da AMD sun yi gargaɗin cewa wuce ma'auni na iya soke garanti. Yawancin kwamfutocin hannu da na ofis irin na HP da Dell ma ba su buɗe wannan saiti ba; a kansu abin yi shi ne ƙara baret ta biyu in akwai rami.