Tarihin Amfani da Man Tsirrai Wajen Turkar Raguna a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa ƙara wa 'yan raguna man tsirrai a abinci daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa, sai dai a cikin ƙwaya da tunkuza ake ba su shi. Abin da ilmin zamani ya kawo shi ne ma'auni.

Asalin Al'adar

Tun kafin zuwan Turawa, matan aure sukan turke rago a cikin gida domin layya ko suna ko sayarwa. Abincinsa harawa ne da dusa da ƙowa, a jiƙa masa kanwa. Idan an gurje auduga domin kaɗi, sai a zuba masa angurya, wadda kusan kashi 20 cikin 100 nata mai ne. Ashe ke nan sana'ar saƙa da ta kiwo sun daɗe suna cuɗar juna.

Zamanin Gyaɗa

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, noman gyaɗa ya bunƙasa, tunkuza da harawar gyaɗa suka wadata. A 1928 aka buɗe gonar dabbobi a Shika kusa da Zariya, wadda a 1976 ta zama Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa. A can an yi ta gwada tumakin Yankasa da tunkuzar angurya. To amma farin da aka yi a farkon shekarun 1970, da cutar kuturta da ta afka wa gyaɗa a 1975, sun rushe dalar gyaɗa, makiyayi ya shiga neman abin da a da yake samu a araha.

Abin da Bincike Ya Gano

Mai ya ninka hatsi ƙarfi fiye da sau biyu, shi ya sa yake saurin sa ƙiba. A 1966 Czerkawski da Blaxter da Wainman suka nuna a Sikotilan cewa sinadaran da ke cikin man tsirrai suna rage iskar mitan da tunkiya take gyatsawa, watau ƙarfin abincin da yake tafiya a banza. Amma idan mai ya wuce kashi 6 zuwa 7 cikin 100 na busasshen abinci, yakan danne ƙwayoyin halittar da ke narkar da ciyawa a tumbi, rago ya rage ci. Har ila yau, angurya tana ɗauke da gubar gosifol, mai iya kashe ɗan ragon da bai fara tuƙa sosai ba. Bayan Tarayyar Turai ta hana sa magungunan kashe ƙwayoyin cuta a abincin dabbobi domin ƙiba a 2006, masana sun ƙara karkata ga man tsirrai masu ƙanshi.

Kammalawa

A taƙaice, mai turka ya riga masani gane amfanin mai, masani kuma ya gano iyakarsa. Ragon turka jarin mace ne na wata da watanni, kuma cika masa akushi da angurya ba bisa ƙa'ida ba yana iya cinye ribar, har da uwar kuɗi. Don haka muna kira ga malaman gona da su mayar da waɗannan ƙididdiga zuwa mudu da tiya, su koyar da su cikin Hausa.