Daga Batta Zuwa Leda: Yadda Adana Taba Ya Tsara Tarihinta

Busasshen ganyen taba yana shan danshin iska idan ya samu, yana kuma sakin nasa idan iskar ta bushe. A Kano wannan ɗabi'a tana cin karo da yanayi biyu masu gaba da juna. Da hunturu, danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, sai tabar da aka bari a buɗe ta murmushe cikin 'yan kwanaki, ƙamshinta ya gudu, ta riƙa ci da sauri a lofe tana ƙona harshe. Da marka kuwa, a watan Agusta, fumfuna ce ke cinye ta. Duk wanda ya taɓa noman taba ko fataucinta ya yi fama da wannan matsala, kuma kowace dabara da aka samo ta magance ta sai ta ƙara wa tabar nisan zango.

Asalin taba nahiyar Amurka ne. Ta shigo Afirka ta Yamma wajen ƙarshen ƙarni na 16, bayan Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi da kimanin shekara ɗari. Da zuwanta ta raba kan malamai. A 1607 Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta risala yana ganin halaccinta. A ƙarni na 19 daular Masina ta hana shanta, ɗarikar Tijjaniyya kuma, wadda ta yi ƙarfi a Kano tun zamanin Sarki Abbas, ta haramta ta ga mabiyanta. Saɓanin bai hana manoma shuka ta ba, har ta shiga karin magana: taba ta bambanta da garin gero.

A ƙasar Hausa, Katsina ce ta yi suna da ita. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya yada zango a birnin a farkon 1853 yana shirin tafiya Tambutu, ya sayi tabar Katsina cikin guzurin kyaututtukansa, domin tana da daraja a can. Ya bar Katsina a watan Maris, bai isa ba sai Satumba. Kayan da zai jure wata shida a bayan dabba, ya ratsa bazara da damina, dole a iya ɗaurinsa. Fatake kan matse ganyen cikin ƙunshi mai tauri, ta yadda iska ba ta taɓa komai sai bayansa, cikin kuwa ya ci gaba da nuna a hankali. Wannan fatauci ya daɗe: da Polly Hill ta yi bincike a Batagarawa a 1967, ta tarar manoman garin suna noman taba suna kai ta kasuwannin nesa da rani.

Ƙunshi na ɗan kasuwa ne. Mai sha kuwa, batta ce tasa. Masu tandu ne ke yin ta: a gina siffar da laka, a lulluɓe ta da ɗanyar fata, idan ta bushe a farfasa lakar a zazzage, a yi mata murfi mai kamawa tsam. Hikimarta tana cikin ƙanƙantarta. Ba ta ɗaukar fiye da na 'yan kwanaki, babu wurin da iska mai yawa za ta zauna, babban ƙunshi kuma yana ɗaki ba a yawan kwance shi. Garin taba da ake haɗawa da kanwa a gumtsa a baki ya fi ganyen lofe sauƙin ajiya, tun da bushewa ba ta ɓata shi. Kanwar kuma tana da aikinta, domin ita ke sa nikotin ya ratsa fatar baki da sauri. Furen taba, wanda mata ke goga wa haƙora tare da goro, shi kaɗai ne ba ya ajiyuwa, sai ɗanye.

Dabarar adanawa da ta fi kowace tsada ga Hausawa an ƙirƙiro ta ne a ƙetaren teku. A Bahiya ta ƙasar Birazil ana raba taba daraja uku, kuma doka ta hana kai ta ukun Fotugal. Don kada wannan rarar ta bushe ko ta ruɓe, sai aka riƙa murɗa ta kamar igiya, a shafe ta da maɗin rake mai kauri, a ɗinke cikin fatar shanu. Maɗin yana riƙe danshi, fatar tana tare iskar teku. Zaƙin da ya biyo baya ya sa masu saye a gaɓar Wida, daga baya kuma Ikko, suka fifita ta a kan kowace taba, har ta zama babban abin da ake musayar bayi da shi. Masanin tarihi Pierre Verger ya bi diddigin wannan ciniki a littafinsa na 1968. Cikin waɗanda aka sayar a farkon ƙarni na 19 akwai Hausawa da yawa da yaƙe-yaƙen lokacin jihadi suka rutsa da su. Su ne suka shirya tawaye a Bahiya a 1807, suka kuma tayar a 1809 da 1814.

Ƙarni na 20 ya mayar da aikin hannun masana'anta. Aka zo da gwangwani mai toshe iska, da takardar gwangwani, da leda, da sinadarin gilisarin wanda ke yin aikin da maɗi ya yi a da. Kamfanin Nigerian Tobacco Company ya buɗe masana'antarsa ta Zariya a 1959, sigari ya ture lofe gefe, batta ta koma kayan tsaraba. 'Yan tsirarun da suka rage suna shan lofe a duniya, idan sun fasa gwangwani, shawarar da suke bi ita ce ta mai batta: a juye cikin ƙaramar kwalba mai murfin roba, a cika ta, a ajiye a inuwa mai sanyi, a ɗebi na kwana biyu kawai.

A Gyadi-Gyadi da kewayen Kasuwar Tarauni, mai tireda ya warware matsalar ta wata hanya. Yana fasa kwali ya sayar kara-kara, kwalin ya ƙare kafin iska ta yi masa illa. Dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta hana wannan sayarwa, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, saboda kara ɗaya shi ne farashin da aljihun yaro ke iya ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe sama da mutum miliyan 7 a kowace shekara. Shekara ɗari huɗu aka yi ana koyon yadda za a hana ganyen lalacewa, kuma an yi nasara. Abin da yake yi wa huhu da zuciya kuwa, likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, a kan titin Zariya daura da waɗannan tiredodi, su ke karɓarsa.