Maɓalli Ɗaya, Masu Shi da Yawa: Iyakar Rabon Kayan Fuska Tsakanin Uwar Manhaja da Sassan Ƙari

Yawancin manyan manhajojin yau ba dunƙule guda ba ne. Akwai uwar manhaja da ke fara tashi, akwai kuma sassan ƙari da ake lodawa tana tsakiyar aiki, waɗanda galibi wasu mutane daban suka rubuta. Idan sashen ƙari zai nuna wa mai amfani maɓalli, ko akwatin rubutu, ko taga, na uwar zai ara ko nasa zai zo da shi? Matsayin wannan maƙala shi ne aron wajibi ne, amma duk abin da uwa ta ba da aro ya zama alkawari a wuyanta, don haka dole ta ƙayyade shi tun farko.

Hujjar aron ta wuce batun rage nauyin abin da burauza ke saukewa. A ɗauki React, wadda ake gina fuskar shafuka da yawa da ita. Tun siga ta 16.8 da ta fito a 2019, tana da tsarin Hooks, wanda ya dogara da wani ma'aji guda a cikin kwafin da ke zana shafin. Idan sashen ƙari ya shigo da nasa kwafin, maɓallinsa zai nemi ma'ajin a kwafi na biyu, ya tarar da wayam, sai aikin ya tsaya. Wannan ma da sauƙi, tunda kuskuren ya bayyana. Mafi wuyar ganowa shi ne idan kunshin kayan fuskar ne ya zo kwafi biyu. Mai amfani ya zaɓi Hausa da duhun allo, uwa ta adana zaɓin, amma tagar da sashen ƙari ya buɗe ta fito fara fat da rubutun Turanci, domin ba wurin da uwa ta ajiye ta duba ba. Babu gargaɗi ko ɗaya. Shi ya sa Module Federation, da ya zo da webpack 5 a 2020, ya ba da damar a ayyana kunshi a matsayin tilo, kowa ya sha daga kwafi ɗaya.

Matsalar ba ta tsaya ga burauza ba. Masu Java sun san cewa aji biyu masu suna ɗaya, idan masu lodi biyu suka ɗauko su, injin yana ɗaukarsu baƙin juna ne. Manhajar Eclipse, wadda aka gina da Java, ta koma kan tsarin OSGi a 2004, inda kowane sashe ke bayyana abin da yake fitarwa da abin da yake buƙata.

To me zai hana uwa ta buɗe ƙofa gaba ɗaya? Tarihin Firefox ya isa amsa. Shekaru da yawa sassan ƙarinta suna iya taɓa kusan kowane lungu na fuskarta ta hanyar XUL, harshen da aka gina fuskar da shi. An samu ƙirƙira mai ban sha'awa, kuma bai kamata a raina wannan ba. Sai dai duk gyaran da Mozilla, mai Firefox, ta so yi a ciki, musamman raba aikin burauzar zuwa matakai masu zaman kansu, yana karya sassan da suka jingina da tsohon gini. A Nuwamba 2017, da Firefox 57, aka rufe tsohuwar hanyar aka koma WebExtensions, sassa da yawa da mutane ke ƙauna suka mutu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: uwar da ta ci moriyar masu ƙari ta ɗauki nauyin duk abin da ta bari suka dafa, ko ta rubuta shi a yarjejeniya ko ba ta rubuta ba. Masanin manhaja David Parnas ya yi wannan gargaɗin tun 1972, da ya nuna cewa ya kamata kowane sashe ya ɓoye shawarwarin ginin da za su iya sauyawa.

Visual Studio Code ta bi ɗaya gefen. Sassan ƙarinta suna gudana a wani mataki daban, ba sa taɓa fuskar kai tsaye, roƙo suke yi uwa ta zana musu. Wanda ke son fuska tasa ta musamman sai a ba shi keɓaɓɓen fili. Masu suka na cewa wannan takurawa ce, kuma suna da gaskiya, akwai abubuwan da ba za su yiwu ba a nan. Ina ganin farashin ya dace, domin mai amfani ba ya wayar gari ya ga sabuntawa ta rusa masa kayan aiki.

Abin da ya dace a raba, a ganina, shi ne duk abin da ke riƙe da hali na bai ɗaya, wato injin zane, harshe, launi da bayanin wanda ya shiga, sai ƙaramin jerin kayan fuska masu lambar siga. Kowane sashe ya faɗi sigar da yake buƙata kafin a loda shi. Idan ba ta dace da ta uwa ba, gara a ƙi loda shi a gaya wa mai amfani dalili a fili, da a bar shi ya tashi da kwafinsa a ɓoye.